Zan tura katin ɗan ƙwallo Jamus, ya zan naɗe shi kar ya lalace?

Tambaya: Salam malam. Yayana ne ya kawo min katunan 'yan ƙwallo na kamfanonin Panini da Topps tun yana karatu a Ingila, sun fi shekara goma a cikin gwangwanin alawa. Na sa hoton guda uku a intanet wani a Jamus ya ce zai siya, kuɗin ma har ya ban mamaki. In zuba su a ambulan in kai gidan waya kawai, ko in fara yi musu laminatin?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da laminatin ɗin nan don shi ya fi tayar min da hankali, don Allah kar ka yi. Mu mun saba komai sai mu kai a manne shi da roba, satifiket ne, katin asibiti ne, amma katin ƙwallo ranar da ya shiga injin nan ranar ya tashi daga aiki, ko kyauta ka ba mai tara kati ba zai karɓa ba. Haka kar ka goge shi da ruwa ko tsumma wai ya yi sheƙi.

Abin da mutumin nan yake siya ba hoton ɗan wasa ba ne, hoto ai ko a waya zai gani. Lafiyar katin yake siya. Kamfanoni irin su PSA a Amurka maki suke ba kati daga 1 zuwa 10, suna duba kusurwoyi huɗun nan, da gefuna, da fuskar katin ko ta karce, da yadda hoton ya zauna a tsakiya, kuma kusurwa ɗaya in ta ɗan dakushe kamar kan allura ta isa ta sauko da makin, kuɗin ya bi shi ƙasa. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol na Amurka, wanda Topps ta buga a 1952, dala miliyan 12.6, saboda ya yi shekara 70 bai ji jiki ba. Naka ba zai kai nan ba mana, amma ido ɗaya ake duba su da shi.

Ambulan tsirara kuwa injin rarraba wasiƙu ne zai ja shi ta cikin rola ya lanƙwasa, a jefa a buhu, a ɗora masa kaya. To abu biyu kake yaƙi da su, lanƙwasa da motsi. Ka wanke hannu, ka riƙe katin ta gefe, ka fara zira shi a 'yar ledar kati mai laushi wadda suke ce wa peni silib, sannan ka sa shi da ledar a cikin toploda, wato gidan roba mai tauri. Kar ka tsallake ledar, roba mai taurin ita kanta tana karce kati. Katin da aka saba inci 2.5 da 3.5 ne, toploda mai lamba 35 (lambar kaurin katin take nunawa) ta ishe shi, amma in mai kauri ne irin wanda aka manna ƙyallen rigar ɗan wasa a ciki sai ka nemi mai babbar lamba daidai kaurinsa, kamar 130, kar ka tura shi da ƙarfi. Kowane kati da gidansa.

Bakin toplodar ka rufe da salatif na takarda irin na masu fenti, ka ɗan naɗe ƙarshensa yadda mai karɓa zai ja ya ɓare. Farin salatif ɗin shago yana barin danƙo, kuma shi ke sa mutum ya ɗauko reza, reza kusa da kati kuwa ba alheri. Robar ɗaure kuɗi ma a'a, tana cin gefe.

In ba ka samu toploda ba, don ba kowace kasuwa ake samu a nan ba, gara ka yi oda ka jira ko ka gaya wa mai siyen gaskiya. Ko ka samu ko ba ka samu ba dai sai ka yanko kwali biyu masu ƙwari da suka fi katin girma, ɗaya layukansa a tsaye ɗaya a kwance, haka ya fi wuyar lanƙwasuwa, ka sa katin a tsakiya ka manne kwalayen. In damina ce ka jefa duka a leda mai zif tare da 'yar jakar ƙwayoyin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, don katuna masu sheƙin nan laima na sa su lanƙwashe. Daga nan sai ambulan mai ledar iska a ciki, in kuma kuɗin da yawa ƙaramin kwali, a cusa takarda. Girgiza shi kusa da kunnenka, in ka ji ƙwas-ƙwas buɗe ka sake.

Wajen turawa ko EMS ta gidan waya ko DHL, ka ɗauki mai lambar bibiya da sa hannu, ka tambaye su ko inshorarsu ta shafi irin wannan kaya da kuma iyakarta nawa. A fom ɗin kwastam rubuta kuɗin gaskiya ko da mai siyen ya roƙe ka ka rage don haraji, in kaya ya ɓata abin da ka rubuta za a duba. Kuma ka ɗau hoton gaba da bayan kowane kati a haske, da bidiyon naɗewar har ka liƙe, ka ajiye su da rasit sai mai siyen ya turo maka saƙo cewa sun iso lafiya.