Shin Litiyam Na Cikin Ma'adinan Da Duniya Ke Rububi A Kansu?

TAMBAYA: Ni mai gyaran waya ne a Tudun Wada, Kaduna. Kullum ina jin ana maganar wasu ma'adinai da ake cewa ba kasafai ake samunsu ba, waɗanda Amurka da Sin ke taƙaddama a kansu. Mene ne su, kuma litiyam da ake haƙa a ƙasarmu yana cikinsu?

AMSA: Malam, litiyam ba ya cikinsu, haka ma kwalambayit da tantalayit, duk da cewa su ma suna da daraja. Ma'adinan da kake tambaya a kansu guda 17 ne, kuma sunan da aka ba su na "rare earths", wato waɗanda ba kasafai ake samunsu ba, yana ruɗarwa, domin ɗaya daga cikinsu, wato siriyam, ya fi darma yawa a cikin ƙasa. Matsalar ita ce a warwatse suke, kuma suna cakuɗe da juna, ta yadda raba su ke buƙatar asid mai yawa da matakai masu ɗimbin wahala.

An fara gano su ne daga wani baƙin dutse da aka tsinta a 1787 a ƙauyen Ytterby na ƙasar Suwidin. A yau babbar mahaƙarsu ita ce Bayan Obo da ke arewacin Sin, sai Mountain Pass a Amurka da Mount Weld a Ostareliya. Ƙarfin Sin ya fi bayyana a wajen tacewa, inda take riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari.

Kai kuwa, kullum suna hannunka ba ka sani ba. Ƙaramin maganaɗisun da ke cikin sifikar waya, wanda ke janye ƙananan noti idan ka buɗe ta, da niyodimiyam ake yin sa, kuma irinsa ne ke cikin injin motoci masu aiki da lantarki. Da siriyam ake goge gilashi, yana kuma cikin ƙanƙarar laita mai ba da tartsatsi. Lantanam kuwa matatun mai ke amfani da shi wajen fitar da fetur daga ɗanyen mai.

A Nijeriya ana samunsu cikin yashin monazayit, musamman a tsoffin wuraren haƙar kuza na Filato. Sai dai yashin yana ɗauke da toriyam, mai fitar da tururin nukiliya, don haka bai kamata a jibge buhunansa a cikin gida ko shago ba, balle a bar yara su yi wasa da shi.