Anfilin bas ɗina ya yi hayaƙi a wurin biki

TAMBAYA: Salamu alaikum maigida. Ni ɗan orkes ne a nan Tahoua, gitar bas nake kaɗawa. Ran asabar a wurin wani biki na ƙara bafal (akwatin lasifika) na biyu don sauti ya kai baya, ana cikin rawa sai warin ƙuna, anfili (na'urar ƙara sauti) ya ɗauke ɗif. Na sa sabon fizibil ya sake ƙonewa nan take, abokina ya ce in naɗa mishi waya kawai. In yi?
Wani mai karatu, Tahoua

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah kar ka biye ma abokin nan naka. Fizibil mai gadi ne, shi ke ƙonewa ya yanke kuran in ya yi yawa, in ka maye shi da waya to taransifo ce za ta tafi, ita ce kuwa mafi tsada a cikin akwatin gaba ɗaya.

Ni bafal ɗin nan na biyu nake zargi. Leƙa bayan anfilin, galibi za ka ga an rubuta 4 ohm, wato awon yadda bafal ke tare kuran, ƙasa da haka ba ya ɗauka. Bafal biyu masu 8 in an jona su tare 4 suke komawa, lafiya lau, amma biyu masu 4 sai su koma 2, kuran ya ninka, ga zafin Tahoua da ke wuce digiri 40, ga ƙura ta toshe fanka, ga ku makaɗa ba ku san a rage murya ba, ina taranzisto za su kai? Manyan taranziston nan na fitar da sauti da ke manne jikin aluminiyom su ne suka haɗe ciki, shi ya sa duk fizibil ɗin da ka sa yake tashi.

Kar ka buɗe da kanka, manyan kondansater suna riƙe kuran ko an zare fulogi. Kai ma mai gyara, kuma ka tsaya ka ga aikinshi. Ya auna taranziston da mita, ya duba ƙanana masu tura su da rezistans ɗin 0.22 ko 0.33 ohm da ke ƙafarsu, don tare suke mutuwa, wanda ya canza manyan kaɗai wallahi kuɗinka zai sake ƙonewa. Wajen kunnawar farko ya ratsa ƙwan fitila irin na da mai wat 100 a layin kuran, in ya haska ya dushe to alhamdulillahi, in ya tsaya da haske tar akwai sauran ciwo. Kafin a maida bafal ya tabbata babu DC (kuran mai bin hanya ɗaya irin na batir) a mafita, in ba haka ba hoparlar da ke cikin bafal ɗin ma ta bi. Wannan ga anfili mai taranzisto ne fa, mai lamf (ƙwan gilashi irin na tsohon rediyo) ba a kunna shi babu bafal.

Sai maganar sayen kaya. In taranzisto masu lamba 2SC5200 da 2SA1943 ne a ciki, na jabu sun cika kasuwa, ko Yamai ka aika a sayo, wanda ya yi arha da yawa bar musu abinsu.