Katin sautina na tsohuwar kwamfuta yana zafi, in manna masa ƙarfen shan zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar kwamfuta Pentium da nake ajiye da ita saboda wasannin DOS, a cikinta akwai katin sauti Sound Blaster 16. Tun da bazara ta shigo, in ta yi kamar rabin awa tana aiki sai sautin ya fara karkarwa, ɓangaren dama ya riƙa ɗaukewa. Na buɗe na taɓa, sai na ji wani ayisi (IC, ƙaramin baƙin guntu mai ƙafafu da ke kan katin) kusa da inda ake jona sifika ya yi zafi rau. Mai gyara ya ce in kawo ya manna wa kowane ayisi ƙarfen shan zafi da sufa gulu, ya ɗaura fanka. Hankalina ya tashi, domin in katin nan ya mutu ba na jin zan samu wani. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka kai masa. Ka kashe kwamfutar, ka bar ta a kashe har ka gama duba abubuwan da zan faɗa maka, sai dai gwajin da ke bukatar a kunna ta na ɗan lokaci.

Ayisin da ka taɓa, bisa inda ka ce yake, amfilifaya ne, wato mai ƙara ƙarfin sauti. A yawancin Sound Blaster 16 na farko-farko, tun daga fitowarsa a 1992, TEA2025B ake sakawa, daga baya aka koma irin su TDA1517. Shi ne ke tura sifika marasa wutar kansu, kuma ɗumi ɗabi'arsa ce. Haka ma ƙananan ragulato, masu daidaita ƙarfin wuta, masu ƙafa uku, 'yan gidan 7805: suna karɓar bolt 12 su fitar da bolt 5, bolt 7 ɗin da ya rage kuwa zafi yake zama. In miliyam 100 ke ratsawa, wat 0.7 ke nan a jikin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, dole ka ji shi a yatsa. Amma su Yamaha YMF262 mai fitar da kiɗa da sauran manyan ayisin Creative, kamfanin da ya ƙera katin, ɗan ɗumi kawai ya kamata su yi. Kamfanin bai sa musu ƙarfe ba domin ba sa bukata, ba don rowa ba.

Gwajin yatsa yana da amfani in an san iyakarsa. Taɓa jikin akwatin tukuna ka sauke wutar jikinka, sannan ka ɗora yatsa a bayan ayisin, ban da ƙafafunsa. In za ka iya barin yatsan ka ƙirga zuwa goma, babu abin tsoro. In sai ka fizge hannu nan take, ko ka ji ƙauri, akwai matsala, kuma matsalar ba rashin sanyi ba ce.

Nan ne nake samun saɓani da masu gyara kusan kullum. Sun saba da kwamfutocin zamani, inda furosesa ke cin wat ɗari ko fiye, a can kuwa zafi shi ne cutar, sanyi shi ne magani. Sai su ɗauko wannan tunanin su ɗora a kan katin da gaba ɗayansa 'yan wat kaɗan yake ci. Katin da ya yi shekara talatin yana aiki tsirara, in yau ya fara ƙuna, wani abu ne ya lalace yake sa shi jan wutar da ta fi ƙarfinsa. Manna masa ƙarfe kamar shafa wa yaro ruwan sanyi ne alhali zazzaɓin cizon sauro ke cinsa: jiki zai yi sanyi a taɓa, cutar tana nan tana aikinta. Gara ma a bar zafin a fili, aƙalla yana gaya maka inda za ka duba.

Sannan ita kanta dabarar ba ta ma aiki yadda suke zato. Dubi TEA2025B da kyau, ka juya katin. Za ka ga ƙafafunsa na tsakiya an liƙa su a kan faffaɗan jan ƙarfe na bodin. Ta nan aka tsara zafinsa ya fita, bodin shi ne ƙarfen shan zafinsa. Baƙar robar da ke sama ba ta wuce da zafi sosai, sufa gulu kuma ya fi ta muni, ga shi in ya ji zafi yana fitar da wani farin hazo da ke kwanciya a kan ƙafafu. Masu amfani da gam mai haɗi biyu sun fi ɓarna. An sha kawo mini kati an liƙa masa guntun alminiyam a karkace, gefensa na gogar ƙafar kafasito (ɗan abin da ke tara wuta a kan bodi), ranar da aka zo cirewa ya taho da rubutun ayisin, wani lokaci har da fatarsa. Daga nan ko lambar abin da za ka nema ka musanya ba za ka iya karantawa ba. Akwai masu shafa man furosesa mai azurfa ya malalo tsakanin ƙafafu. Akwai masu hura wa kati bulowa mai zafi wai dalma ta sake zama, su ƙarasa dafa kafasiton da dama sun tsufa. Har na ji mai cewa a sa kati a firiji kafin a kunna. A fito da shi cikin iska mai ɗumi ya yi gumi, a ba shi wuta a jiƙe. Wallahi wani lokaci sai ka rasa ta inda za ka fara yi wa mutum bayani, domin shi a ganinsa taimako ya yi, kuma ya karɓi kuɗinsa.

Ga abin da za ka duba. Fara da abin da ka jona. In kan wayar sifikarka mai zobe ɗaya ne, wato na mono, kuma ka cusa shi a ramin sitiriyo, to ya haɗe ɓangaren dama da layin ƙasa (ground), amfilifaya na ta tura wuta cikin shot, wato wuta na komawa kai tsaye ba ta bi ta sifika ba. Da ka ce dama ke ɗaukewa, wannan ne ya fara zuwa mini a rai. Waya da ta tsinke a ciki ko sifika ƙasa da om 4 su ma haka suke yi. Shi TEA2025B yana da kariyar zafi a cikinsa, yana iya ja da baya in ya ƙuna, ya dawo in ya huce. In sifikarka masu wutar kansu ne, ba ka ma bukatarsa: koma ramin Line Out in katinka na da shi, wasu nau'ikan kuma jampa ce, 'yar hular da ke haɗa fil biyu a kan katin, ake matsarwa a kewaye amfilifayan. Sautin ma ya fi fita tas.

Sai fawa fak, akwatin da ke ba kwamfutar wuta. Sa mitar awon wuta a kan filogin da ke ba hadis (hard disk) wuta: ja da baƙi su ba ka tsakanin bolt 4.75 da 5.25, rawaya da baƙi tsakanin 11.4 da 12.6. In 12 ta haura, ragulato da amfilifaya ne ke shan wahalar. Kada ka buɗe cikin fawa fak ɗin, yana riƙe wutar da ke kisa ko bayan an cire shi daga soket.

Sai kafasito. Masu ruwa a ciki, yawanci an rubuta 85°C a jikinsu, da alkawarin awa 1,000 zuwa 2,000 a wannan zafin. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwarsu biyu. Mai awa 2,000 zai kai 32,000 a digiri 45, amma 16,000 kacal a digiri 55. Ka ga ke nan abin da zafin akwati ke ci a hankali su ne, ba ayisin da ake ta liƙa wa ƙarfe ba. Kuma ba sai sun kumbura ba, ƙananan nan bushewa suke yi shiru. Kafasito 'yan tantalum, masu kama da ɗigon kakin zuma, su shot suke yi, wani lokaci da tartsatsi. Wanda ya iya riƙe dalma zai canza su da masu 105°C, ya kula da ƙafar da ke ƙari da wadda ke ragi.

Iska kuwa tana da muhimmanci, amma ta akwati gaba ɗaya. Yawancin akwatunan wancan zamani fanka ɗaya gare su, ta cikin fawa fak, ba a kuma yi su da lissafin ɗakin da ke kai digiri 40 a watan Afrilu ba. Sa fanka mai milimita 80 a gaba tana hura iska a tsakanin katunan. In kana da katin hoto irin Voodoo, wanda shi da gaske yake zafi, bar rami ɗaya ko biyu tsakaninsu, ka ɗaure faffaɗan wayoyin hadis gefe. Ƙurar hunturu da ta kwanta a bodi ka share ta da burushi mai laushi, inda ta daskare ka goge da sifirit, ka bari ya bushe sarai kafin ka mayar.

In ka yi duk wannan amfilifayan bai daina ƙuna ba, ko da babu abin da aka jona masa, to shi ne ya lalace. TEA2025B ba ya wuyar samu, yana cikin tsofaffin rediyo masu kaset da ƙananan sifikun kwamfuta birjik, mai gyaran rediyo na unguwarku ma zai iya ciro maka ɗaya ya dasa. Shi za ka kai wa katin, ka tsaya a kansa har ya gama.