Dashen gashi: “Babu yanka, babu tabo,” in ji su

Tambaya: Malam, shekarata 38, ina sayar da yadi a kasuwar Sabon Gari. Sanƙo ya cinye mini gaban kai. Wani asibiti a Istanbul ya turo mini farashi ta WhatsApp, wai aikinsu babu yanka, babu tabo. Na tara kuɗin, in biya?
Mai karatu daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ba a dasa gashi sai an tsaga fata, kuma duk inda aka tsaga sai ya bar shaida.

Daga ƙeya ake ɗebo gashin, don na wajen ba kasafai sanƙo ke cin sa ba. A hanyar da ake kira FUT, likita zai yanko siririn zirin fata ya ɗinke wurin, a cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, tabon ya zauna kamar layi. Wadda suke tallata maka FUE ce: da ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kamar milimita 1, ake ciro saiwa ɗaya-ɗaya. Ba ɗinki kam, amma ɗige-ɗigen tabo dubbai ne. In kai mai aski tal-kwabo ne, wanzaminka zai riga ka ganinsu.

Sai tsagar gaban kai, inda za a dasa. Karkatarta ce ke nuna inda gashi zai kwanta. In hannun bai ƙware ba, ya fito tsaye cirko-cirko.

Abin da ya fi damuna shi ne jikinmu. Gashinmu murɗaɗɗe ne har cikin fata, ƙarfen kuwa miƙaƙƙe, sai ya riƙa datse saiwa, saiwar da aka datse kuma sau da yawa asara ce. Ka ce su nuna maka hotunan baƙaƙen fata da suka yi wa aiki, bayan shekara guda, har da ƙeya. Sannan baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira keloid. Dubi tabon lamba a damtsenka, ka sa a duba maka wurin ƙaho. In sun tashi, ko kana fama da ƙurajen ƙeya bayan aski, kada ka yarda a taɓa ka sai likitan fata ya gani. Ga Asibitin Koyarwa na Shika nan kusa, kuɗin Keke ne. Ka tambayi likitan kuma batun minoxidil da finasteride, magungunan rage zubewar gashi, domin dashe ba ya hana sauran gashin zubewa.

In ka yi aikin, hularka za ta huta na kwanaki, shafar kai wajen alwala ma sai ka ji ta bakin likita. Gashin da aka dasa zai zube cikin makonnin farko, kada hankalinka ya tashi. Sabo na fara tsirowa wajen wata 3 zuwa 4, cikarsa sai shekara.