Tambaya da Amsa: An dawo mini da babi saboda manazarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a wata babbar makaranta a nan Jihar Kebbi, ina rubuta kundin kammala karatu a kan tarihin malanta a Gwandu. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, ya ce manazartata a hargitse take, in je ɗakin karatu in karɓi jagoran tsarin APA na rubuta manazarta in gyara. Na karɓa, sai dai misalan da ke ciki duk na littattafan Turai ne, alhali rabin bayanaina daga bakin dattawa na same su, saura kuma daga tsofaffin littattafan Larabci. Yaya zan yi?
Daga wata ɗaliba, Birnin Kebbi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kafin ki taɓa komai, duba ki ga wane bugu na APA jagoran ya bi, domin bugu na shida ya fito a 2009, na bakwai kuma a 2019, kuma kwafin tsohon har yanzu yana yawo a hannun ɗalibai. A bugu na bakwai an daina rubuta garin da aka buga littafi, sunan maɗaba'a ya isa, sannan idan marubuta sun kai uku, sunan na farko kaɗai ake ambata a cikin rubutu tun karon farko, a biyo shi da alamar da ke nufin "da wasu". Yawancin hargitsin da malamai ke kuka da shi daga cakuɗa bugun biyu yake tasowa, saboda haka ki tambayi malaminki wanda sashenku yake bi.

Ginshiƙin tsarin ba shi da wuya. A cikin rubutu ki sa sunan marubuci da shekara, ki ƙara lambar shafi idan kin ɗauko kalmominsa kai tsaye, kuma duk wanda kika ambata a ciki ya bayyana a jerin ƙarshe bisa tsarin abacada.

Batun dattawa shi ne inda jagoran zai bar ki a hanya, kuma akwai dalili. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce ta tsara APA domin masu dogaro da mujallu, kuma ƙa'idarta ita ce jerin manazarta na abin da mai karatu zai iya komawa ya samu ne. Hirar da kika yi da wani dattijo a zaurensa ba ta cika wannan sharaɗi ba, don haka a cikin rubutu kawai ake ambatarta. A ganina wannan bai wadatar da mai nazarin tarihinmu ba, wanda sau da yawa mafi ƙarfin hujjarsa tana bakin mutane. Shi ya sa sassan Tarihi da na Hausa a jami'o'inmu suka saba ware jeri na dabam na waɗanda aka yi hira da su, mai ɗauke da suna da shekaru da sana'a da wurin hira da ranarta. Ki nemi izinin malaminki ki yi haka, domin idan jagoran ɗakin karatu ya saɓa da ƙa'idar sashe, ta sashe ake bi. Ki kuma nemi yardar kowane dattijo kafin ki rubuta sunansa.

Littattafan Larabci kuwa sai ki fara tantance wane kwafi ne ya shiga hannunki. Ɗauki Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rubuta a 1813, Mervyn Hiskett kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi, maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1963. Idan fassarar kika karanta, shekarun biyu za ki haɗa a cikin rubutu, wato 1813/1963, ki sa sunan mai fassarar a jerin ƙarshe. Idan kuwa rubutun hannu ne kika gani a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato ko a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, to ki faɗi inda yake ajiye da lambar da aka ba shi a can. Wanda babu shekara a jikinsa, ki nuna cewa babu, kada ki ƙiyasta. Sunayen marubutanmu na yanzu kuma ki bi yadda suka rubuta a bangon littafinsu, na ƙarshe shi ke zuwa farko ko da sunan gari ne kamar Gusau ko Argungu.

Akwai wani aibi da ba ki tambaya ba amma ya zama ruwan dare, wato ɗalibi ya kwashe manazartar wani tsohon kundi ya jera littattafan da bai taɓa buɗewa ba. Wannan ƙasa ce da malamanta suka san darajar isnadi, wato ambaton waɗanda aka karɓo ilimi daga wurinsu, har Malam Abdullahi ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ambaton shehunan da ya yi karatu a wurinsu. Idan maganar wani marubuci ta iso gare ki ta hannun wani ne, ki ce wane ya faɗa kamar yadda wane ya kawo, sannan wanda kika karanta ɗin shi kaɗai zai shiga jerinki.

Kada ki gyara babin gaba ɗaya tukuna. Ki tsara misali ɗaya na kowane iri, littafi da maƙalar mujalla da hira da rubutun hannu, a shafi guda, ki kai wa malaminki ya amince da su, sannan ki bi sauran a kan wannan.