Laburare ɗaya, furosesa iri biyu: me ya sa dpkg ke ƙin girka na biyun?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Gusau. Na rubuta ƙaramin laburare (lambobin da wasu manhajoji ke kira su yi amfani da su) da yaren C mai karanta bayanan inbatar sola, na haɗa masa kunshin Debian (wani nau'in Linux) na furosesa iri biyu, amd64 na kwamfutata da arm64. Ina so su zauna tare a kwamfutata don in riƙa haɗa manhajar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi daga nan, amma dpkg, mai girka kunshi a Debian, ya ƙi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai yiwuwa kunshinka biyu suna rigimar wuri ɗaya ne. Idan kowanne ya ajiye fayil ɗinsa na .so, wato laburaren da aka haɗa, a /usr/lib kai tsaye, suna ɗaya amma ciki daban, dpkg ba zai bari wani ya danne wani ba.

Debian ta warware wannan da tsarin Multi-Arch, wanda ya shigo Ubuntu 11.04 a 2011, sannan Debian 7 a 2013. Kowane furosesa da shagonsa: na amd64 a /usr/lib/x86_64-linux-gnu, na arm64 a /usr/lib/aarch64-linux-gnu. Mayar da laburarenka can, ka rubuta "Multi-Arch: same" a debian/control, fayil ɗin bayanin kunshin, sannan ka buga dpkg --add-architecture arm64 don dpkg ya karɓi kunshin arm64.

Sai dai "same" alkawari ne mai nauyi. Dole sigar kunshin biyu ta zama ɗaya, kuma duk fayil ɗin da suka haɗu a kansa, kamar na /usr/share/doc, ya zama daidai har bayit na ƙarshe. Nan mutane ke tuntuɓe. Ka matse fayil da gzip ba tare da -n ba, sai ya cusa lokaci a ciki, fayiloli biyu su bambanta alhali rubutunsu ɗaya ne. Haka fayil ɗin .h (header na C) da aka samar lokacin haɗawa: in ya bambanta tsakanin furesoshin, wurinsa /usr/include/aarch64-linux-gnu da takwararsa na amd64.

Idan akwai 'yar manhaja da ke zama a /usr/bin, cire ta zuwa kunshinta daban, domin ita ma za ta yi rigimar wuri. Ka sa mata "Multi-Arch: foreign" in aikinta bai dogara da irin furosesa ba.

Ka kuma duba Pi ɗin naka da dpkg --print-architecture. In ya ce armhf, tsarin 32-bit ke kansa, kunshin arm64 ba zai yi masa amfani ba.