Zan iya shigo da ɗanyen sukari daga Birazil da kaina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, na daɗe ina sarin sukari buhu-buhu ina sayar wa masu shago da masu gidan burodi. Kwanan baya wani ya turo mini takardu ta WhatsApp, wai yana da hanyar ɗanyen sukari kai tsaye daga Birazil, farashin da ya faɗa bai kai rabin na kasuwa ba, in dai zan ba da kafin alƙalami. Don Allah mene ne ɗanyen sukari, wa ke yanka farashinsa, kuma irina zai iya shiga harkar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Zan dawo kansa, amma sai ka fahimci yadda cinikin yake tukuna, sannan za ka ga inda zancensa ya karkace.

Ɗanyen sukari ba mazarƙwaila ba ne, ko da yake uwarsu ɗaya. Mai mazarƙwaila a Maƙarfi yana matse rake, ya dafa ruwan har ya yi kauri, ya zuba a mazubi ya daskare da maɗinsa da komai. Masana'anta kuwa tana dafa ruwan har ya fitar da ƙwayoyi, sai ta juya shi a injin da ke wurgar da maɗin gefe. Abin da ya rage, ƙwayoyi ne masu launin ƙasa-ƙasa, da ɗan maɗi a jikinsu. Wannan shi ne ɗanyen sukari. Ba don shayi aka yi shi ba, don matata aka yi shi, wadda za ta narkar da shi, ta tace, ta mayar da shi fari.

Dalilin da ya sa ake wannan aiki hawa biyu yana cikin halin rake kansa. Da zarar an sare shi zaƙinsa ya fara raguwa, dole a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ga nauyi: sai an matse kusan tan 8 zuwa 10 na rake kafin a sami tan ɗaya na sukari. Don haka masana'anta tana zama a bakin gona. Shi kuwa ɗanyen sukari yana jure tafiya. Ba a sa shi a buhu, zuba shi ake yi a cikin jirgin ruwa kamar yashi, a kwashe da inji in an iso. Farin sukari abinci ne da aka gama, yana bukatar buhu da tsabta da kariya daga laima, kuma duk wannan kuɗi ne. Shi ya sa mafi yawan sukarin da ke ƙetare teku ɗanye ne.

Duniya tana samar da wajen tan miliyan 180 a shekara, kusan kashi 80 cikin 100 daga rake. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke fita daga ƙasar da aka yi shi. A wannan kasuwa Birazil ce giwa. A 'yan shekarun nan kusan rabin abin da ake fitarwa nata ne, yawanci daga jihar Sao Paulo da maƙwabtanta, ta tashar jiragen ruwa ta Santos. Sai Tailan, da Ostareliya, da Indiya in ta ga dama. Manyan masu saye su ne Indonesiya da Sin, sai irin su Aljeriya, Bangaladash, Saudiyya, Dubai da Najeriya, ƙasashen da suka gina matatu a bakin teku suna jiran jirgi.

A takardun da aka turo maka, na tabbata ka ga kalmomin VHP ko ICUMSA. VHP shi ne ɗanyen sukarin Birazil mai inganci, wanda zallar sukarin cikinsa ta haura kashi 99. ICUMSA kuma ma'aunin launi ne: ƙaramar lamba, fari tas, babbar lamba, duhu. Farin da kake sayarwa yana wajen 45, ɗanyen VHP kuwa daga 600 zuwa 1,200. Idan mutum ya ce maka yana da "ɗanyen sukari ICUMSA 45", to bai ma san abin da yake talla ba.

Batun farashi shi ne inda nake so ka natsu. Ba manomi ne ke yanka shi ba, ba kuma gwamnatin Birazil ba. A kasuwar ICE ta New York ake yi, ƙarƙashin yarjejeniyar da ake kira Lamba 11. Can ana cinikin kayan da za a miƙa a watannin Maris, Mayu, Yuli ko Oktoba, kowace yarjejeniya laba 112,000, wato tan 50 da ɗoriya, farashi kuma senti nawa kan laba ɗaya (senti 100 ne dala ɗaya). Farin sukari yana da tasa kasuwar a Landan, Lamba 5, dala nawa kan tan. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce abincin mai matata. In ta yi faɗi ya ji daɗi, in ta tsuke ya rage aiki.

Ga lissafi mai sauƙi da za ka riƙe: senti ɗaya kan laba daidai yake da kusan dala 22 kan tan. In ka ji an ce sukari yana senti 20, to tan ɗaya dala 440 ke nan, buhu mai kilo 50 kuma dala 22, tun kayan suna tashar Santos. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba inshora, ba fito, ba tacewa, ba buhu, ba tirela daga Legas zuwa Kano.

Kuma farashin ba ya zama wuri ɗaya. A Afrilun 2020, lokacin korona, ya faɗo ƙasa da senti 10. A Nuwamban 2023 ya kai wajen 28, tsadar da rabon a gan ta tun 2011. Abu uku ne suka fi juya shi. Na farko yanayi, fari ko sanyi mai ƙona rake a Birazil, ko ƙarancin damina a Indiya da Tailan. Na biyu man fetur, kuma wannan shi ne abin da mutane ba sa zato: masana'antun Birazil suna iya mayar da ruwan rake sukari ko etanol da motocinsu ke sha. In mai ya yi tsada sai su karkata ga etanol, sukari ya yi ƙaranci. Na uku siyasa. Indiya ta fi kowa shan sukari, don haka da ta ga alamar ƙaranci sai ta rufe ƙofar fitar da shi, kamar yadda ta yi a kakar da ta fara a Oktoban 2023. Ni a ganina babu amfanin gonar da gwamnatoci suka fi tsoma wa hannu kamar sukari. Amurka tana raba wa ƙasashe kason da za su shigar mata, Tarayyar Turai ba ta soke tsarinta na ƙayyade yawan sukarin da ƙasashenta za su samar ba sai 2017.

To, mu dawo gida. Najeriya tana shan fiye da tan miliyan 1.5 a shekara, kuma fiye da kashi 90 na wannan daga waje yake zuwa, ɗanye, akasari daga Birazil. Matatun Dangote da BUA da Golden Sugar a Legas, da ta BUA a Fatakwal, su ke tace shi, su ƙara masa sinadarin bitamin A kamar yadda doka ta tanada, su sa a buhun da kake sara. Ƙarƙashin babban shirin sukari na ƙasa da ya fara aiki a 2013, gwamnati ce ke ba kamfani kason abin da zai shigo da shi a kan fito mai sauƙi, bisa sharaɗin ya zuba jari a noman rake a gida. Ƙarƙashin wannan shiri ake aikin Dangote a Numan da Tunga, na Golden Sugar a Sunti ta jihar Neja, da na BUA a Lafiagi. Ko shirin ya cika alkawarinsa, wannan zance ne na wata rana. A taƙaice dai, har yau jirgi ne ke ciyar da mu. A Yulin 2021 Babban Bankin Najeriya ya fito fili ya ambaci kamfanonin nan uku a matsayin waɗanda aka yarda su shigo da sukari. Wanda ba shi da kaso, fiton da zai biya kaɗai ya isa ya cinye ribarsa.

A ce ma ƙofar a buɗe take. Jirgi ɗaya yana ɗauko tan 30,000 zuwa 50,000. Ɗauki 40,000: buhu 800,000 ke nan, tirela fiye da 1,300. A farashin senti 20 kuɗin kayan kaɗai ya haura dala miliyan 17, kuma da takardar lamunin banki ake biya, ba da tura kuɗi asusun wani ba. In ya iso kuma ina za ka kai shi, tunda ba ka da matata?

Yanzu ka auna mutuminka. Farashin New York a fili yake, kowa na gani a wayarsa. Mai masana'anta a Birazil yana da manyan 'yan kasuwa irin su Alvean, Sucden, Wilmar da Louis Dreyfus da ke jiran kayansa da kuɗi a hannu. Me zai sa ya bar su, ya nemo ka ta WhatsApp, ya sayar maka a rabin kuɗi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan damfara ce tsohuwa da duk masu harkar sukari suka sani: takardu masu tambari, hotunan rumbu, dillali bayan dillali, kowa na cewa shi ne na kusa da mai kaya, sai kuɗin rajista, sai kuɗin gwaji, sai wayar ta daina shiga. Ƙaramin ɗan kasuwa da ke shigo da sukari da gaske, irin na Maraɗi ko Yamai, fari yake saye a buhu cikin kwantena, ta tashoshin ruwa irin su Lome, a farashin Landan da ƙari a kai, ba ragi ba. Tsallako da wannan cikin Najeriya ta bayan fage kuwa fasa-ƙwauri ne, kwastan na iya kwashe maka jari a dare ɗaya.

Inda wannan sani zai yi maka amfani shi ne wajen sari. Ka riƙa duba farashin Lamba 11 da canjin dala tare, domin matata da dala take saye. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, sau da yawa canjin ya fi New York tasiri a kan buhunka. Ka tuna kuma cewa abin da ya faru a can yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kafin ya iso kasuwar Singa. Birazil tana girbi daga Afrilu zuwa wajen Nuwamba, kaya sun fi yawa a tsakiyar wannan lokaci. Azumin 'yan shekarun nan kuwa yana faɗowa ne a farkon shekara, daidai lokacin da yawancin injinanta suke hutu, mu kuma muke neman na kunu da na shayi. In kana da wurin ajiya marar laima, ka fara tara kayan azumi tun wata biyu kafin a ga wata, kuma daga hannun dilan kamfani da ka san shagonsa.